Man kifi da yaro mai ƙiriniya: abin da ya kamata iyaye a Fatakwal, Anacha da Inugu su sani



Tallan ƙwayar man kifi ya yi yawa a waya da shagunan magani. Ana cewa tana buɗe ƙwaƙwalwar yaro, tana kwantar da mai ƙiriniya, tana sa wanda ba ya gane karatu ya fara ganewa. Iyaye da yawa a unguwanninmu suna saye, ga shi kuwa ba arha gare ta ba. Shi ya sa na tattaro abin da masana suka tabbatar a kan maganar, domin mai gida ya san inda zai sa kuɗinsa, uwa kuma ta san lokacin da ya kamata a kai yaro asibiti.

Zancen a dunƙule shi ne: maiƙon da ke cikin kifi abinci ne da ƙwaƙwalwar yaro ke buƙata, kuma a nan Kudu yana da sauƙin samu. Amma lalurar rashin natsuwa ba ta warkewa da man kifi kaɗai.

Wace lalura ce wannan?

Likitoci suna kiranta ADHD. A Hausa za mu iya cewa lalurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya. Ba sabuwar aba ce ba, domin tun a 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi lacca a kan yaran da ba sa iya riƙe hankalinsu wuri ɗaya duk da cewa basirarsu lafiya lau take.

Tana zuwa ta fuska uku. Akwai yaron da hankalinsa ba ya tsayawa: a aike shi ya manta abin da aka ce ya sayo, ya zubar da fensir da littafi kullum, ana magana da shi kamar ba ya wurin. Akwai wanda jikinsa ne ba ya tsayawa: ba ya iya zama a aji ko gaban allo, yana katse mutane, yana tsallaka titi bai duba ba. Akwai kuma wanda ya haɗa biyun. An fi gane ta a wurin maza, domin yarinya sau da yawa shiru take yi tana ta tunane-tunane, sai a ce sakarci ne kawai.

To amma kowane yaro yana ƙiriniya. Kafin likita ya ce lalurar ce, sai alamun sun fara tun kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, sun bayyana a wuri biyu ko fiye, misali gida da makarantar boko da Islamiyya, kuma suna cutar da karatun yaron ko zamansa da mutane. Yaron da ke tayar da ƙura a gida amma ya zauna tsaf a gaban malam, da wuya ya zama mai ita.

A duniya, kusan yara 5 cikin 100 suna da ita. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan 'yan firamare a Ilesha ta jihar Osun ya sami kashi 8.7 cikin 100, wani kuma da ya tattara alƙaluman Afirka a 2020 ya sami wajen kashi 7.5. Wato a aji mai yara 40, ba abin mamaki ba ne a sami biyu ko uku.

Babban abin da ke kawo ta gado ne. Nazarin tagwaye ya nuna gado yana da kason da ya haura 70 cikin 100. Haihuwar bakwaini, haihuwa da ƙaramin nauyi, da shigar gubar dalma jikin yaro suna ƙara haɗarin. Ba aikin aljanu ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba don uwa ta sangarta shi ba ne. Ko alewa da lemon kwalba da ake yawan ɗora wa laifi, an tattara gwaje-gwaje a 1995 an ga sukari ba ya sa yara ƙiriniya. Yana dai ɓata haƙori.

Menene maiƙon dole?

Jikin mutum yana iya ƙera yawancin kitsen da yake buƙata daga tuwo da shinkafa. Akwai iri biyu da ba ya iyawa, tilas sai an ci su a abinci, shi ya sa na kira su maiƙon dole. Ɗaya daga dangin omega-6 yake, ɗayan daga dangin omega-3.

Wasu masana biyu, mata da miji, George da Mildred Burr na Jami'ar Minnesota a Amurka, su suka gano haka a 1929. Sun ciyar da ɓeraye abinci marar maiƙo ko kaɗan. Fatarsu ta yi ɓawo, jelarsu ta lalace, girma ya tsaya. Da aka ƙara musu ɗan mai na musamman sai suka farfaɗo.

Dangin omega-3 shi ne ya shafi zancenmu. Na tsirrai ana kiransa ALA. Daga shi jiki ke ƙera wasu biyu, EPA da DHA, sai dai kaɗan ƙwarai yake iya juyawa, musamman DHA. Kifi mai maiƙo kuwa yana ɗauke da EPA da DHA a shirye. Idan aka cire ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa, fiye da rabin abin da ya rage kitse ne, kuma DHA na cikin manyan tubalan da ake gina ta da su, ita da bayan ido. Ginin ya fi sauri a watanni uku na ƙarshen ciki da shekaru biyun farko na rayuwa. Jariri daga jinin uwa yake samu, sannan daga nononta.

Cikakken rashin maiƙon dole, irin na ɓerayen nan, ba kasafai ake ganinsa ba. An fi samunsa a wurin yaro mai tamowa mai tsanani, ko mai ciwon hanjin da ke hana tsotse kitse, ko majinyacin da aka daɗe ana ciyar da shi ta jijiya. Abin da ya fi yawa shi ne mutum yana samun omega-6 har ya yi yawa, omega-3 kuma bai kai ba.

Daga ina zancen ya samo asali?

A 1981 wasu mata biyu a Ingila, Irene Colquhoun da Sally Bunday, masu tafiyar da ƙungiyar iyayen yara masu ƙiriniya, suka lura da yawan yaran suna fama da ƙishirwa da bushewar fata da ƙaiƙayi. Sai suka ce wataƙila maiƙon dole ne ya yi musu ƙaranci.

A 1995 Laura Stevens da John Burgess na Jami'ar Purdue a Amurka suka auna jinin yara maza 53 masu lalurar, suka gwada da na yara 43 da ba su da ita. Masu lalurar sun fi ƙarancin EPA da DHA a jini, kuma wani rukuni a cikinsu yana da yawan ƙishirwa, yawan fitsari, bushewar fata da gashi, amosanin ka, da farce mai saurin karyewa. Binciken da aka yi daga baya a wasu ƙasashe ya sake samun wannan ƙarancin.

Sai dai fa ganin abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Yaron da ba ya iya zama ya gama cin abinci, ko mai tsirfar abinci, zai iya rasa maiƙon saboda halinsa. Hanyar da za a raba gardama ita ce a ba wasu yara man kifi, a ba wasu ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, ba tare da iyaye ko malamai sun san wa ya sha wanne ba, sannan a duba.

Me gwaje-gwajen suka nuna?

A 2001 an ba yara 63 masu lalurar ko dai DHA ko ƙwayar wofi na wata 4 a Amurka. DHA ya ƙaru a jinin waɗanda suka sha, amma halinsu bai canza ba.

A 2005 Alexandra Richardson da Paul Montgomery na Jami'ar Oxford suka gwada a kan yara 117 a yankin Durham. Bayan wata 3 an ga ci gaba a karatu da rubutu da ɗabi'a. Wannan shi ne binciken da ya sa man kifi ya yi suna. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, yaran an zaɓo su ne saboda matsalar sarrafa gaɓoɓi wajen rubutu da wasa, wadda lalura ce dabam.

A 2011 masana biyu a Jami'ar Yale suka haɗa gwaje-gwaje 10 da suka ƙunshi yara 699. Sun ce akwai amfani, amma ɗan kaɗan ne, bai kama ƙafar na maganin asibiti ba, kuma ya fi bayyana idan EPA ya yi yawa a cikin man.

Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta ke nan tace binciken lafiya, ta duba gwaje-gwaje 13 a 2012, ta sake duba 37 a 2023. Sakamakonta na ƙarshe shi ne, idan aka bi ma'aunin da iyaye ke cikawa a kan halin 'ya'yansu, babu bambanci tsakanin wanda ya sha man da wanda ya sha ƙwayar wofi. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar magani, ta ce a jagoranta na 2018 kada a ba yara ƙarin maiƙon nan a matsayin maganin wannan lalura.

Inda maiƙon ya nuna aikinsa sosai shi ne wurin yaran da yunwa ta kama. A Malawi an gwada a kan yara sama da 2,500 masu tamowa mai tsanani. Waɗanda aka ba madarar gyaɗar asibiti da aka rage wa omega-6 aka ƙara wa DHA sun fi sauran kaifin fahimta wata 6 bayan jinya. An buga sakamakon a 2022. Darasin a nan shi ne mai yunwar abu shi ya fi amfana da shi.

Tukunyarmu a Kudu

Mu duba abin da muke ci. Manja yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, amma omega-3 ɗinsa kusan babu. Man gyaɗa, riɗi, agushi da ƙuli-ƙuli duk suna da omega-6 mai yawa. Man waken suya yana da ALA wajen kashi 7 cikin 100, awara ma tana da nata rabon.

Ni gidanmu sana'ar shanu ake yi, a kara na taso, kuma na san yadda Bahaushe yake ɗaukar nama a kan kifi. Gaskiya ne saniyar da ta yi kiwo a daji namanta ya fi na wadda aka ɗaure aka turka da dusa yawan omega-3. To amma ko namanta, abin da ke ciki ɗan mitsitsi ne idan aka ajiye shi kusa da kifi. Ƙwaƙwalwar sa ita ce ke da DHA mai yawa, ita kuwa ba abincin kullum ba ce. Nama yana ba yaro sinadarin ƙarfen da ke gina jini, wannan aikinsa ne, kada a raina. Maiƙon da muke magana a kai dai a ruwa yake.

A nan ne zamanmu a Kurmi ya zama riba. Kifin da ake wahalar samu ɗanye a Katsina ko Sakkwato, ga shi a kasuwar Creek Road da Mile 1 a Fatakwal, da kasuwar Ose a bakin kogin Kwara a Anacha, da Ogbete a Inugu. Waɗanda suka fi maiƙo su ne:

- Titus. Giram 100 nasa yana ɗauke da EPA da DHA fiye da giram 1, sau da yawa har ya kai 2.
- Shawa da bonga, ɗanye ko banda. Sun fi titus arha, kuma maiƙonsu mai kyau ne.
- Kote, da sadin na gwangwani.

Panla da okporoko, wato busasshen kifin nan mai tauri da Ibo ke zubawa a miya, suna gina jiki amma ba su da maiƙo sosai. Tarwaɗar gidan gona ma ba ta kai na teku ba.

Akwai kuma wani abu da 'yan uwanmu da yawa ke wucewa ba sa saye: ukpa, baƙar gyaɗar nan ta Kurmi da ake dafawa a ƙulla a leda ana tallarta a tasha da bakin titi lokacin damina. Fiye da rabin man da ke cikinta ALA ne. A ba manyan yara, ban da ƙanana da za ta iya shaƙe su.

Nawa ake buƙata? Rahoton Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na 2010 ya ce ɗan shekara 2 zuwa 4 yana buƙatar miligiram 100 zuwa 150 na EPA da DHA a rana, ɗan 4 zuwa 6 miligiram 150 zuwa 200, ɗan 6 zuwa 10 kuma 200 zuwa 250. Mai ciki da mai shayarwa miligiram 300. Idan aka lissafa, yanka mai kyau na titus ko shawa sau biyu a mako ya wadatar da yaro. Ya fi kyau a zuba a miya ko a gasa, domin suya cikin man da aka sha maimaitawa tana rage amfanin. A cire ƙaya da kyau. Mai ciki ta guji manyan kifayen teku masu cin 'yan uwansu irin su shak, saboda gubar zaiba tana taruwa a jikinsu. Kifin da ke warin fetur ko ɗanyen mai kuwa, kada a kai shi gida ko kyauta ne.

Idan har za a sayi ƙwayar

Wani yaron ko ƙanshin kifi ba ya so. Idan likita ya amince a ba shi ƙwaya, ga abin dubawa. A karanta bayan kwalba a ga yawan EPA da DHA, domin rubutun miligiram 1,000 na gaba nauyin man ne gaba ɗaya, na gasken yakan tsaya a wajen 300. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ku tuna NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Head Bridge a Anacha a 2007, ta sake rufe ta a Fabrairun 2025, saboda jabun magunguna da waɗanda wa'adinsu ya wuce. Man da ya sha rana yana lalacewa, in ya yi ɗoyi a zubar.

Man hantar kifi dabam yake da man kifi. Yana da bitamin A mai yawa, in aka wuce ƙima yana cutarwa, musamman ga mai ciki. Sannan ga mu Musulmi, ɓawon ƙwayar da jilatin ake yinsa, wanda kan iya fitowa daga sa ko kifi ko alade. A nemi mai alamar halal, ko a sayi na ruwa.

Kuma a sani, lambar NAFDAC shaida ce cewa an yi wa kaya rajista. Ba ta nufin yana warkar da rashin natsuwa. Wanda ya ce maka kwalba biyu za su mayar da ɗanka na ɗaya a aji, kallon kitse yake so ka yi wa rogo.

Abubuwan da ke kama da lalurar

Kafin a yanke hukunci a duba waɗannan, domin wasunsu maganinsu ya fi sauƙi.

Yare. Yaron da Hausa kaɗai yake ji aka sa shi a ajin da malama ke koyarwa da Turanci, 'yan aji suna hira da Ibo ko buroka, dole hankalinsa ya tafi wani wuri. Wannan yana faruwa da 'ya'yanmu sosai a nan.

Kunne da ido. Kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa yana rage ji. Yaron da ba ya ganin allo ma haka zai yi ta juye-juye.

Yunwa, ƙarancin jini da rashin barci. Wanda ya tafi makaranta bai karya ba, ko ya kai sha biyun dare yana kallon waya, ba zai natsu ba.

Farfaɗiya ƙarama. Akwai irin wadda yaro ke ƙamewa na 'yan daƙiƙu yana kallon wuri ɗaya, sau da yawa a rana, ba tare da ya faɗi ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa shi ma yakan bar tabo a hali da karatu.

Gubar dalma. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari. Ko kaɗan ce ta shiga jiki tana dagula hankalin yaro. Ana samunta a tsohon batirin mota, wasu fenti, da kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido.

Mafi gaggawa: yaro mai yawan shan ruwa da yawan fitsari yana ramewa, kada a tsaya cewa rashin maiƙo ne. A kai shi a auna sukarin jininsa a ranar, domin haka ciwon sukari na yara ke farawa, kuma yana iya kisa cikin kwanaki.

Ina za a je, me za a yi?

A Inugu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke New Haven, da asibitin koyarwa na UNTH a Ituku-Ozalla. A Fatakwal akwai asibitin koyarwa na UPTH kusa da Choba, da asibitin ƙwaƙwalwa na Rumuigbo. Na Anacha za su iya zuwa asibitin koyarwa na Nnewi, ko na ƙwaƙwalwa da ke Nawfia kusa da Awka. Wanda iyalinsa ke gida Arewa, akwai asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. A nemi ɓangaren yara. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba ya nufin yaro ya haukace. A tafi da katin sakamakon makaranta da ɗan bayani daga malamin boko da na Islamiyya, in da hali uwa ta je, don ita ta fi kowa sanin halinsa.

Magani yana farawa ne daga gida da aji. A ba yaro umarni ɗaya a lokaci guda, ana kallon idonsa. A tsayar masa da lokacin barci da na cin abinci. A raba masa hadda ko aikin gida gunduwa-gunduwa, yana yi yana miƙewa. A roƙi malam ya zaunar da shi gaba, nesa da taga. A yaba masa nan take idan ya yi daidai. Duka ba ya cire lalurar, taurin kai da ƙarya yake koya wa yaro. Idan abin ya yi tsanani kuma yaron ya kai shekarun makaranta, likita zai iya rubuta magani irin su Ritalin, wanda ake bibiyar nauyin yaro da bugun zuciyarsa idan yana sha. Ba maganin da za a saya a kemis da ka ba ne, kuma kada a ba yaro maganin barci ko na tari wai don ya kwanta.

Abin da ke cikin haɗari ba ƙarami ba ne. Yaron da aka bari a haka shi ake kora daga wannan makaranta zuwa waccan, har uba ya gaji da biyan kuɗi ya ce a mayar da shi gida ko ya bi motar shanu. Bincike ya nuna masu lalurar da ba su sami kulawa ba sun fi faɗawa haɗarin hanya da shaye-shaye idan sun girma. Waɗanda aka gane da wuri kuwa suna gama karatu, suna riƙe sana'a, da yawansu ma sun fi kowa kuzari a kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka a sa kifi a tukunya sau biyu a mako, a fifita mai ciki da mai goyo da ƙananan yara wajen rabo. Kuɗin ƙwaya kuma, in yaro yana da alamun da na lissafa, a fara kashe shi a kuɗin mota da katin asibiti.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.